Hula a Kan Injin Tafiya

Sana'ata hatsi ce. Na fara da kwano ɗaya da tabarma a gefen kasuwar Juma'a ta Wudil, ina auna wa mata gero da dawa. Yau motoci nake lodawa daga Indabo da Kausani. A tsawon shekarun nan, abin da na fi koya shi ne in duba abin awo kafin in duba kaya. Kwano yana da gindi, gindin kuma ana iya bubbuga shi ya shige ciki ko ya fito waje, ya danganta da mai shi saye yake ko sayarwa. Sikeli kuwa, kafin a ɗora masa buhu, nakan sa a bar shi wayam in ga inda tsinkensa ya tsaya. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin zargin wani ba, haka aikin yake.

Ina da taubashi, ɗan wan mahaifiyata. Tunda shi ɗan namiji ne ni ɗan mace, a wasanmu na gado ni bawansa ne, kuma bai taɓa barin na manta ba. Dukanmu mun haura hamsin, amma ko a gaban surukaina "bawana" yake kirana. Ni kuma in ce masa "ranka ya daɗe" da muryar da ya san babu girmamawa a cikinta. Shi shanu yake saye a kara, ya loda tirela, ya zauna a gaba kusa da direba har kudu. Yana da masu yi masa wannan tafiya in ya so, amma ba ya so. In ya yi mako biyu bai hau hanya ba, sai ya fara faɗa da kowa a gida.

Ciwon suga ya kama shi, ya ɗauki shekaru yana shan ƙwayoyi. A shekarar da nake ba da labarinta, likitarsa a wani asibiti a Kano ta gaya masa magana ɗaya. In aka sake gwaji bayan wata uku sugan bai sauka ba, za ta ɗora shi a kan allura, kullum, da hannunsa zai riƙa yi wa kansa.

Ya zo rumbuna da wannan labari bai ko yi mini tsiya ba, a nan na gane abin ya taɓa shi. Mahaifinsa, kawuna, da allurar ya fara, daga baya aka yanke masa ƙafa. A ganin taubashina allurar ce ta jawo yankan, babu wanda ya isa ya raba masa su. Sannan ya ji cewa maganin sai an ajiye shi a wuri mai sanyi.

"Ina sanyi a gaban tirela?" ya ce. "In suka ɗora ni a kan abin nan, hanya ta ƙare. Sai in zauna a ƙofar gida ina kallon kaji."

Likitar ta ce ya rage ci, ya motsa jiki. Maganar ci ya bar wa matarsa. Motsa jiki kuwa ya samo da kansa, a wani shago mai ɗaki biyu a hanyar jami'a, inda wani tsohon ɗan ƙwallo ya zuba ƙarafa da keke da injin tafiya guda biyu 'yan gwanjo. Kowa koci yake kiransa. Safiya da bayan magariba na ɗalibai ne. Daga bayan azahar zuwa yamma ya ware wa manya, domin babu dattijon da yake so sa'o'in 'ya'yansa su gan shi yana haki cikin gajeren wando.

Ni ba ni da suga, kuma tun ina yaro jikina bai taɓa riƙe nama ba. Rakiya ce ta kai ni.

"Bawa ba ya zama ubangidansa na gumi," ya ce. "Tashi."

Ba kullum nake zuwa ba. Ranar da zan je, sai na rufe rumbu, na yi la'asar a masallacin kasuwa, sannan in tafi. Nakan tarar da shi ya riga ya daɗe a kai.

Injin tafiyar bel ne baƙi mai juyawa a ƙarƙashin ƙafa, da ƙarfe biyu na riƙewa, da ɗan gilashi a gaba mai nuna lambobi ja. Ɗaya daga cikin lambobin ita ce kalori, wato, yadda koci ya bayyana mini, yawan abincin da jiki ya ƙone. Wannan lamba ita ce ta shiga ran taubashina. Kafin ya sauka sai ta kusa ɗari biyar, wani lokaci ta wuce. Ya ɗauke ta hoto a waya, ya goge fuska, ya sa babbar riga.

Tun ranar farko abin bai kwanta mini ba. Injin bai tambaye ni komai ba. Na hau, koci ya danna, ya fara ƙirga. Ni kuwa ban taɓa ganin wanda ya faɗi nauyin buhu bai ɗaga shi ba, bai ko kalle shi ba.

Wata rana na sa muka fara tare, ni a kan ɗaya shi a kan ɗaya, gudu ɗaya, tudu ɗaya. Lambobin suka riƙa hawa kafaɗa da kafaɗa kamar tagwaye.

"Ranka ya daɗe, dubi nan," na ce. "Kai ka yi biyuna. Ta yaya abin da ka ƙona zai zo daidai da nawa?"

"Ka gode wa Allah an haɗa ka da manya."

"Ko dai ya ƙara mini, ko ya rage maka. Ɗayanmu dai an yi masa ƙarya."

"To ni aka rage wa. Ka ga kenan gobe sai in ƙara kifi."

Koci ya matso da murmushinsa. Ya ce akwai wurin da ake sa nauyin mutum, amma maɓallin ya mutu tun kafin ya sayi injin. Na tambaye shi to da nauyin wa yake aiki. Ya ce da na wani matsakaicin mutum da aka sa masa a can inda aka ƙera shi. Na ce ina son in ga mutumin nan wata rana. Aka yi dariya, ni ban yi ba.

Na kuma lura da yadda taubashina yake tafiyar. Ya gano cewa in aka ɗaga gaban injin ya yi tudu, lambar ta fi saurin hawa. Sai ya sa a ɗaga shi sosai, ya kama ƙarafan nan biyu, ya jingina baya, ya rataye rabin jikinsa a hannu, ƙafafu kawai ke bin bel. Na sha ganin 'yan dako suna yin irin wannan in an haɗa su biyu-biyu ɗaukar buhu. Akwai mai riƙe kunnen buhu yana nishi alhali nauyin duk yana wajen ɗan'uwansa. Injin bai san an rataya ba, kuɗin tudu cikakke yake rubutawa.

A cikin masu zuwa akwai wani malamin jami'a, mutum mai natsuwa, da agogo a hannu wanda shi ma yake ƙirga kalori. Na roƙe shi ya hau injin mu gwada. Da ya sauka, agogon ya faɗi nasa, injin ya faɗi nasa, tazarar kuma ba ƙarama ba.

"Malam, wanne ne mai gaskiya?"

"Babu, Alhaji. Dukansu kintace suke yi. Injin ya san gudun bel da tudu da lokaci, shi ke nan. Agogon ya san nauyina da shekaruna, yana kuma jin bugun zuciyata, don haka ya fi kusa. Amma shi ma kintace ne. Awo na gaskiya sai an rufe maka baki da hanci da wata na'ura an auna numfashinka."

"To kai da wanne kake aiki?"

"Nakan ɗauki ƙaramin, in rage masa wani abu, sannan in manta da shi."

Maganarsa ta shige ni. Ni ma ina kintace. Nakan tsaya a bakin gona kafin girbi in ce za ta ba da buhu kaza, kuma sau da yawa ina kusa. Amma ban taɓa sayar wa mutum kintace ba, sai abin da ya hau sikeli.

Sai dai bayanin malamin bai cike ramin ba. Ko da kintace, ko da ratayar hannu, lambar taubashina ta yi yawa. Na san kamannin mutumin da ya yi aiki. Na ga 'yan dako bayan sun sauke mota, na san yadda wuyan riga yake, na san yadda magana take fita guntu-guntu. Shi kuwa nakan iso in tarar lambarsa ta haura ɗari uku, singiletinsa a bushe, yana ba da labarin farashin bijimai ba tare da ya tsaya jan numfashi ba.

"Ka yi salla kuwa?" na taɓa tambayarsa.

"A sahun gaba ma. Kai dai ka ji da taka."

Masallacin yana jikin shagon, taku kaɗan ne. Na ɗauka suna kashe injin su je su dawo su ci gaba, ban sake bin ta kan wannan ba.

Zargina sai ya koma kan koci. Lissafin a fili yake. Awon da ke faranta wa mai saye rai shi ke dawo da shi gobe, kuma dattawan nan su ne masu biyan wata gaba ɗaya ba ciniki. Na fara zagaya bayan injin kamar ina neman takalmina, ina duba ko an taɓa kwance murfin. Na tambaye shi wa yake yi masa gyara, ya faɗi wani a Kano, ya kawar da zancen. Da na shiga birni sayen buhunan zuba hatsi, na nemi wani gidan motsa jiki na biya kuɗin yini, na yi tafiya irin wadda na saba. Lambar can ta bambanta da ta Wudil, amma ba da yawan da zan kama mutum da shi ba. Na dawo ba hujja, zargin kuma bai tafi ba.

A tsakiyar wannan na je gidansa gaisuwa ban same shi ba. Matarsa ta sa aka shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida. Mace ce mai tsare abu, tun da aka ce suga ta ɗauke sukari daga gidan gaba ɗaya, ta mayar da tuwonsa malmala ɗaya ƙarama. Bayan mun gaisa, mun tambayi yara da gajiya da kasuwa, sai ta ɗauko waya.

"Bawan gidanmu, kai da kake binsa, gaya mini gaskiya. Wannan abin da yake turo mini, haka yake?"

Hotunan gilashin injin ne, jere, kowanne da jar lambarsa.

"Me yake cewa in ya turo?"

"Cewa yake abin da ya ƙona nasa ne, ya riga ya biya. Ranar da ya kai ɗari biyar sai na ƙara malmala. In ya wuce, har da fura. In na yi magana ya ce ga shaida."

Ban gaya mata cewa kafin ya iso gida yakan tsaya a bakin gada ya ci soyayyen kifi ya kora da lemon kwalba mai sanyi ba. Shi ma da lambar yake biya.

"Ni dai ban san kan injin ba," ta ce. "Amma ni nake zura masa tazuge. Inda ƙullin yake bara, nan yake yau."

Na fita daga gidan na san awonta ya fi na kowa. Saura kawai in gano ta inda ake zubar da hatsin.

Ranar da na gano, ba nema na fita ba. Na je Kausani duba dawa, cinikin bai yi ba, na juyo da wuri. La'asar ta same ni a hanya, na tsaya a wani masallacin gefen titi da suke yin ta a farkon lokaci. Da na shigo Wudil ban bi ta rumbu ba, na wuce shagon kai tsaye. Ina tsayawa na ji limaminsu ya tayar da kabbara.

Ƙofa a buɗe, janareta na ruri a baya, ba kowa a ciki. Koci ma ya tafi sahu. Amma ɗakin ba shiru yake ba. Injinan nan biyu duk suna aiki. Bel yana ta juyawa, gaban injin a ɗage kamar mai hawa dutse. A kan ƙarfen riƙewa na ɗaya an rataye tawul. A kan na biyun an rataye hular taubashina, mai ɗinkin hannu ruwan ƙasa, wadda na san ranar da ya saye ta.

Na matsa na kalli gilashin. Lambar ta motsa. Na jira, ta sake motsawa. Hular tana ɗan rawa saboda girgizar injin.

Na ciro waya na fara ɗaukar bidiyo, yadda hular da bel da lambar za su fito tare. Aka sallame salla, babu wanda ya shigo. Aka yi addu'a, aka shafa, aka fara gaisawa. Ta taga ina jin muryarsa yana tambayar wani jikin mahaifiyarsa, daga nan ya shiga labarin wani sa da ya ƙi hawa mota a Lajawa. Wani mai rake ya tsaya, aka yi ciniki. Kafin takalmansu su doso ƙofa, hular ta ƙona abin da ya kusa ɗari biyu.

Na mayar da waya aljihu. Suka shigo, koci ya rage gudun bel ɗin kaɗan, taubashina ya ɗauke hularsa ya ajiye a kan benci, ya taka gefe, ya hau.

"A'a, bawana, yau da wuri? Dubi inda na kai kafin ka gama hamma."

A kasuwa ba a kunyata mai awo a gaban masu saye. In ka yi haka ka sami abokin gaba, kuma ba ka gyara kwanon ba. Na jira har koci ya fita duba janareta, na bi shi.

"Koci, in an tafi salla me ya sa ba ka kashe injin?"

"Ai Alhaji, in ya daɗe a tsaye gogewa yake, ya koma sifili. Makon farko na kashe. Da ɗan'uwanka ya dawo ya ga sifili, ka san shi, cewa ya yi na cinye masa guminsa, ba zai sake zuwa ba. Sauran ma haka. Sannan in suka ga injin a tsaye wani sai ya hau, a yi ta rigima. Shi ya sa suke barin hula."

"Ka san yana ƙirgawa ba kowa a kai?"

"Ai in ba nauyi ba ya ƙirgawa sosai."

"Sosai."

Na nuna masa bidiyon. Abin da na lura shi ne bai kalli wayar da kyau ba, ƙofa yake kallo. Mutumin da aka nuna wa abin da bai sani ba yakan matso da fuska. Ya ce wallahi bai taɓa tsayawa ya duba ba, tunda shi ma sallar yake tafiya. Wannan gaskiya ne, na gan shi a sahu. Amma shi ke rage bel in an dawo, idonsa kuma a kan gilashin yake. Har yau ban yanke hukunci a kansa ba. Ban kama shi da taɓa injin ba, ban kuma yarda cewa bai sani ba.

Shi kuwa taubashina na bari sai da muka shiga motata muka iso bakin gada, ya ce in tsaya wajen mai kifi. Na tsaya, na kashe mota, na miƙa masa wayar.

"Ranka ya daɗe, kafin ka sauka, ga wani ɗan wasa ka gani."

Ya kalla yana murmushi, yana jiran tsiyar. Murmushin ya daɗe kafin ya sauka.

"Injin yana jin mutum," ya ce. "In ba kowa ba ya ƙirgawa. Kowa ya san haka."

"To ga shi nan. Wataƙila hular ce ta yi nauyi."

"Haɗawa ka yi. Ku 'yan hatsi ba abin da ba ku iya ba."

"Muryar wa kake ji a baya tana labarin sa?"

Ya ƙara sauti, ya ji kansa. Ya mayar da bidiyon farko. Mai kifin ya riga ya gane motar, ya taso da takarda a hannu yana jira.

"To tafiya masallacin fa? Ruku'u da sujada fa? Ba motsi ba ne?"

"Motsi ne. Amma ba hawan tudu ba ne, kuma cinikin rake ba ya ciki. Cire na hula. Cire na ratayar da kake yi a ƙarfe. Abin da ya rage, malamin nan ya ce shi ma kintace ne. Da wannan kake karɓar malmala biyu da fura da kifi da lemo."

"Ita ta aiko ka?"

"Ita tazuge ta nuna mini."

Ya kifa wayar a cinyarsa. Ruwan kogi ya ja baya a lokacin, masu ɗiban yashi suna can ƙasa da motocinsu, su ya tsaya kallo.

"Saura kwana nawa gwajin?" na tambaya.

"Bai kai mako biyu ba."

Ya ɗaga wa mai kifin hannu ya ce gobe. Muka wuce.

A 'yan kwanakin nan ya yi abin da ya kamata ya yi tun farko. Ya koma zuwa bayan la'asar, ya sa aka sauke tudun, ya saki ƙarfe. Ranar farko bai yi nisa ba ya sauka yana haki, singileti sharkaf, lambar ko ɗari da hamsin ba ta kai ba. Bai ɗauke ta hoto ba. A gida ya koma malmala ɗaya da bakinsa. Yana ganin zai iya cike gurbin.

Ni na kai shi Kano. Da aka kira shi ya ce in shigo, wai bawa ba ya tsayawa a waje. Likitar ta duba takardar gwajin, ta dube shi. Ya yi sauri ya ce mata kwanan nan ya gyara sosai, ko lemo bai sha ba.

"Na yarda, Alhaji," ta ce. "Amma wannan gwajin ba na jiya da shekaranjiya ba ne. Jinin yana riƙe da labarin wata uku. Bai sauka ba, ya ma ɗan hau."

Duk da halin da ake ciki, sai da na ji gwajin ya burge ni. Kwano ne da ba a iya bubbuga masa gindi ana gobe kasuwa.

"Bawana, nuna mata," ya ce.

Na nuna mata bidiyon hular. Ta rufe baki da hannu, sannan ta daure. Ta ce ko da shi ne a kan injin tun daga farko har ƙarshe, ba a cin abinci da wannan lamba. Motsa jiki yana taimaka wa suga ko lambar ta nuna me, amma abin da mutum zai ƙona a awa guda yana iya mayar da shi a zama ɗaya. Sannan ta rubuta allurar.

"Likita, ba ragi?" na ce. "A ƙara masa wata uku. Yanzu mun gano inda yake yoyo."

"Ba a wannan matakin ba. In na jira, ƙafa da ido nake sa wa a caca."

Ya ce mata mahaifinsa da allura ya fara. Ta tambaye shi shekara nawa mahaifin ya yi da ciwon kafin ya yarda a fara. Ni ma na san shekarun ba kaɗan ba ne. Ta ce jinkirin ne ya ci ƙafar. Ya tambayi hanya. Ta ce akwai masu tafiya da ita a cikin ɗan fulas mai riƙe sanyi, amma ba yanzu ba, sai ya iya yi, sai ya san alamun faɗuwar suga, sai ta ga awon suga na yatsa da safe ya daidaita.

A hanyar dawowa bai kira ni bawa ba ko sau ɗaya.

Daminar nan gaba ɗaya bai hau tirela ba. Wasu suka riƙa kai masa shanun, shi yana binsu da waya yana faɗa. Aka saya masa ɗan injin awon suga na yatsa. Ranar da aka kawo shi na sa aka fara huda nawa yatsan, sannan na matarsa, sannan nasa, in ga ko zai ba mu lamba ɗaya. Bai ba mu ba. Na bar injin ya zauna a gidan.

Shagon bai daina zuwa ba, ni ma haka. Koci ya manna takarda a bango cewa a kashe inji in za a fita, bai kuma taɓa tayar mini da zancen ba. Wasu dattawan sun yi gunaguni. Taubashina yanzu in ya shigo, kafin ya hau, sai ya cire hular ya kifa ta a kan gilashin. Yana tafiya hannu a sake har sai magana ta fara yi masa wuya, a nan yake riƙe gudun. In lokacin salla ya same shi a kai, da kansa yake danna jan maɓallin.

Bayan girbi likitar ta rage masa yawan allurar, ba ta cire ba. Ta ce zai iya gwada tafiya ɗaya.

Ranar Juma'ar da aka yi lodi na je kara raka shi. Yana tsaye a gindin tirela da ɗan fulas shuɗi a rataye a kafaɗa, wandon ya ɗan yi masa yawa. Na karɓi fulas ɗin na buɗe, na sa yatsa na taɓa cikin.

"Me kake nema kuma?"

"Mai shagon ya ce yana riƙe sanyi kwana biyu."

"To?"

"To in kun isa inda za ku kwana ka buɗe ka taɓa. In ya huce ka nemi ƙanƙara, kada ka tsaya jin maganar mai shago."

Ya karɓe abinsa, ya kama ƙarfen ƙofa, ya hau da ƙafafunsa. Direba ya tayar da mota. Ya leƙo ta taga.

"Bawana, ka riƙa leƙa mini gida. In ta ce na rame, ka ce mata ƙarya ne."